Shekarar da Anka Buɗe Rumbun Yaya Isuhu

Bana ruwa ya yi jinkiri. Kullum da la'asar hadari yakan taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta rugugi har awaki su shige rumfa, sannan iska ta kwashe shi ta wuce. Daga ƙauye sun kira ɗana a salula sun ce shuka biyu ta ƙone. Ina zaune nan Madawa a gidansa, ina jin jikokina suna ƙorafi don pampo bai kawo ruwa ba sai azahar, kuma shinkafa ta yi tsada a kasuwa. Amma wannan zafi mai sa zane ya manne a baya ya mai da ni wata damina da ta ƙi zuwa, shekarata ta biyu a gidan miji, a ƙauyenmu da ke gindin dutse tsakanin Buza da Deule.

Gidanmu da na Yaya Isuhu, wan maigidana, dangar kara ce kawai ta raba su. Uwarsu, Inna, a wajenmu take zaune. Yaya Isuhu dogo ne, yana ɗan ɗingishi. Tun kafin a kawo ni, gyambo ya ci ƙafarsa har ana cewa sai an yanke, anka ɗora shi bisa jaki zuwa likita, asibitin ƴan mishan da ke can bakin babbar hanya. Ya yi watanni. Ya dawo da ƙafarsa, ya kuma dawo da wani littafi da iya karatunsa. Bai sake shiga masallaci ba. Ya ce shi yanzu mai bin Almasihu ne.

Ba a kore shi ba, don gonarsa gadon ubansa ce, kuma ba ya faɗa da kowa. Amma an daina cin yankansa, an daina kiransa suna da ɗaurin aure. Dangin matarsa Mariyama sun zo har sau biyu su tafi da ita, ta ƙi. Suna da ɗiya guda, Hajo, ƴar shekara huɗu, mai surutu kamar kanari. Abin da duk garin ya yarda da shi shi ne biyansa ake yi. Ba wanda ya taɓa ganin abin da anka ba shi, ba kuma wanda ya yi shakka. Haka na tarar, haka na ɗauka.

Kakar da ta gabata ba ta yi kyau ba, kowa ya shiga bazara da rabin rumbu. Da watan shuka ya kama anka yi ruwa guda mai kyau. Munka fita gaba ɗaya, maza suna sara da sungumi, mu mata muna bi muna zuba iri muna rufewa da diddige. Gero ya tsiro, ya yi kwana goma yana jira. Ruwa bai dawo ba. Iska mai zafi ta taso ta binne shi da rairayi. Anka yi ɗan yayyafi, munka sake shuka, ita ma ta ƙone. Masu sauran iri sunka zuba na uku a busasshiyar ƙasa, tururuwa ta kwashe.

Daga nan kwanakin sunka zama iri ɗaya. Da sassafe rijiya, inda guga ke dawowa da rabin laka, a zauna a jira ruwa ya taru. Da hantsi daka. Da farko muna dama hura da nono, sai nono ya ɗauke, sai hurar ta tsinke har kana hangen gindin ƙwarya. Munka daina fitar da dusa, munka riƙa dakawa da ita. Daga baya ita dusar ta zama abincin. Da rana muna hawa dutse neman ganyen jiga da anza. Anza ƴaƴan wani ɗan itace ne, ɗacinsu ba ya misaltuwa, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin su ciwu. Ba a jima ba anzar da ke kusa da gari ta ƙare ƙaf. Samari sunka tafi biɗar abinci Nijeriya, kuma a lokacin wanda ya tafi ya tafi ke nan, babu salula, sai ranar da ka gan shi. Shanun Fulani suna faɗuwa a bakin fadama, warin mushe yana shigowa har ɗaka. Ni kuwa ina da ciki wata biyar. Yunwar mai ciki daban take, tana sa ka ji haushin duk wanda ka ga bakinsa yana motsi.

Liman ya fitar da jama'a roƙon ruwa sau biyu. Bayan na biyun ne magana ta fara yawo, wai akwai wanda ya tokare sama. Ba a kama suna ba. Amma in Mariyama ta ajiye tulunta a bakin rijiya, sai ka ga sauran tuluna sun matsa.

Abu uku ne ya tsone wa mutane ido. Kowace Lahadi Yaya Isuhu yakan fita da jakar fata a kafaɗa, ya yi tafiyar rabin yini zuwa inda suke taruwa da ƴan'uwansa Kirista, ya dawo da marece jakar a cike. Na biyu, rumbunsa yana nan da marfi a liƙe, alhali na kowa an buɗe an share. Na uku, waƙa. Kowace safiya shi da Mariyama suna rera waƙar addu'arsu a hankali, Hajo tana bi tana ɓata kalmomin. Mata a rijiya suna cewa wa ya taɓa jin mai yunwa yana waƙa.

Inna ta fi kowa jin zafin abin. In Mariyama ta kawo mata kwaɗon ganye, sai ta mayar, ta ce ba ta son abin rufe baki. Wata rana ta kira ni.

"Amarya, idonki ya hi nawa gani. Ki riƙa duba min mi suke ci. In ɗana yana da hatsi ya bar ni ina cin dusa, ina son in sani kahin in mutu."

Akwai wurin da karan danga ya buɗe, bayan turkenmu. Nan na riƙa tsugunawa kamar mai gyaran igiya. Wata Litinin na ga Mariyama ta zazzage jakar a tukunya, wasu ƙwayoyi masu launin rawaya-rawaya, ta zuba ruwa, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin rumfa. Wata safiya kuma na ga Yaya Isuhu ya hau rumbun, ya ɗaga marfi, ya ciro wani abu ya sa cikin riga. Iyakar abin da na gani ke nan. Amma da na je rijiya, abin da bakina ya faɗa shi ne na ga masarar Nasara da idona, tukunya cike. Na ji daɗin yadda kowa ya juyo yana saurarona. Kafin azahar, tukunyar ta zama buhu.

Maigidana mutum ne mai kunyar wansa. Da maganar ta yi yawa, ya same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya. Ina bayan danga.

"Yaya, mutane na magana."

"Ina ji."

"Gobe za a sake hita roƙon ruwa. Ka zo ka tsaya sahu, ko can baya. Abin da ke zuciyarka kai ka sani. In ka yi haka bakinsu ya mutu, kuma abin da ya rage a rumbuna mu raba."

Yaya Isuhu ya amsa yana kankare itacen.

"Ƙanena, na gode. Ruwan nan ni ma shi nike roƙo, sahe da marece. Amma in na tsaya sahu don a gan ni, na yi ma Allah ƙarya, na yi muku ƙarya. Kai kanka ba ka so in yi sallar da ba ta kai ciki ba."

"To, sai ka ci haƙurinka."

"Shi nike ci," in ji shi, har da ɗan murmushi.

Ni da ke laɓe, wannan murmushin ya ƙara tabbatar min. Na ce a raina sai mai abin ci a ɗaka ke ƙin tayin hatsi a irin wannan shekara.

Ba a yi sati biyu ba kamyo, babbar motar kaya, ya kawo taimako Buza, garinmu ya samu ƴan buhuna. Anka taru a ƙofar maigari, ana kiran gida-gida ana aunawa da tiya. Yaya Isuhu ya zo da ƙwaryarsa ya tsaya a ƙarshe. Da anka zo kansa, wani dattijo ya ce, "Wannan nasa na zuwa daga wani wuri. Amaryar gidansu ta gani da idonta." Maigari ya dube shi yana jiran ya musa. Bai musa ba, watakila ya san ba mai yarda. Ina cikin mata, taki kaɗan tsakaninmu, bai ko kalli inda nake ba. Ya kifa ƙwaryar a ƙirjinsa ya ce, "To. Allah shi sa albarka ga abin da kunka samu." Ya juya yana ɗingishi. Zan iya buɗe baki a lokacin in ce ban gani da kyau ba. Na riƙe tiyarmu na yi shiru.

A kwanakin nan ne na daina jin surutun Hajo. Da na leƙa, tana zaune a inuwa ba ta wasa, ƙafafunta sun kumbura, gashinta ya yi ja. Na gaya wa kaina ciwo ne kawai, yara suna ciwo. Waƙar safe ba ta tsaya ba, amma muryar Mariyama ta fita daga ciki. Sau ɗaya na ji ta tana ce masa, murya ƙasa-ƙasa, "Ka buɗe baki ka roƙa, ko wajen wa. Ɗiyar ga tana ƙarewa." Ban ji amsarsa ba. Har wannan ma na juya shi a raina, na ce sun san ina saurare, don ni suke yi.

Taimakon bai wuce kwana goma ba ya ƙare. Yunwa ta dawo ta fi da. Wata rana bayan azahar, rana tana dukan tsakar ka, sai ga maigari da liman da maza wajen goma sun shigo gidan Yaya Isuhu. Mu mata munka taru a bakin danga.

"Isuhu," in ji maigari, "gari na mutuwa. An ce kana da ajiya. Mun zo mu gani."

"Ranka shi daɗe, ga rumbu nan. A hau."

Wani magidanci ya hau ya ɗaga marfi, ya shige, ya miƙo abin da ke ciki. Damin gero uku ne, zaɓaɓɓun zangarniyoyi, ɗaya an kwance shi ya yi rabi. Ya sake laluba ya ce babu komai sai ƙasa.

"Iri ne," in ji Yaya Isuhu. "Geron tsohonmu, mai saurin nuna. Na ga kowa ya zuba nasa a ƙasa ya ƙone, na ce bari wannan shi jira ruwa na gaskiya. Zangarniya biyu nike cirewa kullum, don kunun Hajo."

Maigari ya nuna tukunyar da ke ƙarƙashin rumfa. Mariyama ta jawo ta, ta ɗaga faifai. Ya sa hannu ya ɗebo, ya kai baki, ya tofar. Anza ce, ba ta ma gama jiƙa ba.

"Daga ina?"

"Bisa dutse, can gaba da inda mata ke kaiwa. A hanyata take."

"To mutanenka hwa? Ba su ba ka komi?"

"Ranka shi daɗe, mu tara ne a ɗakin da muke addu'a. Akwai malamin makarantar lakwal, akwai mai gadi, sauran talakawa ne kamata. Sau guda sun tara min tiya biyu. Daga nan na lura in na shigo, jakata ake kallo kahin a kalle ni. Can ana zaton hatsi ya kai ni, nan ana zaton hatsi ya kai ni. Sai na riƙa barin jakar a kan dutse, in na dawo in cika ta. Na ji tsoron in na ci gaba da karɓa, wata rana ni kaina ban iya hwaɗin abin da ke kai ni."

Liman ne ya fara gyara murya ya ce, "An zalunci bawan Allahn nan, kuma da mu anka yi." Ya fita, jim kaɗan ya dawo da tiyar hatsi daga gidansa ya ajiye gaban Mariyama. Inna tana riƙe da kafaɗata. Duk da haka, da mazan ke fita na ji wani yana cewa ai mai wayo ba ya ajiya a rumbu, a tona ɗakinsa a gani.

Hatsin liman ya zo a makare. Cikin Hajo ya daina riƙe komai, ko kunu. Kwana uku bayan haka Yaya Isuhu ya goya ta da zanen Mariyama ya kama hanyar likitar Buza da ƙafa, don jakunan garin an sayar ko sun mutu. Maigidana ya bi shi da gorar ruwa. Ba su kai ba. Da la'asar sunka dawo, yana ɗauke da ita a hannu biyu.

Washegari anka tsaya cirko-cirko, ba a san yadda za a yi da gawar ɗiyar Kirista ba. Maigidana bai jira shawarar kowa ba, ya ɗauki magirbi ya bi wansa gefen gonarsu. Ƙasa ta yi tauri kamar dutse, kowane sara sai ƙura. Su biyu sunka yi ta haƙa tun hantsi. Can sai ga mutum uku sun zo sun karɓe su. Mu mata muna nesa. Yaya Isuhu ya buɗe littafinsa ya fara karantawa, murya ta ƙi. Ya rufe shi, ya tsaya yana kallon ramin, ya ce, "Ubangiji, ban gane ba. Amma ban sake ka ba." Iyakar addu'ar da na ji ke nan.

Da safe na tsuguna a bayan turke, wannan karon ba don Inna ba. Na ɗauka gidan zai yi shiru. Sai na ji shi yana rerawa shi kaɗai, muryar tana tsinkewa yana ɗaurawa, har ya kai ƙarshe.

Kwana tara bayan binne Hajo ruwa ya sauko, irin wanda ke sa ƙorama ta yi ƙugi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, amma mafi yawan mutane ba su da ƙwaya guda ta shukawa. Yaya Isuhu ya kwance daminsa a ƙofar gida ya ce mai so ya ɗiba. Maigidana ya ɗiba, liman ya ɗiba, da wasu gidaje kamar shida. Wasu sunka ƙi, sunka ce tarko ne, yau iri, gobe littafi. Lokaci ya riga ya ƙure, geron bai yi wani abin kirki ba, amma ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, mun sami abin da ya kai mu lokacin sanyi. Inna ta sha hurar geron, kuma daga ranar ba ta sake mayar da ƙwaryar Mariyama ba. Zargin dai bai mutu duka ba. Har Yaya Isuhu ya bar duniya akwai masu cewa biyansa ake yi.

Da kaka na haihu. Uwata tana nesa, Inna ba ta da ƙarfi. Mariyama ce ta riƙa shigowa safe da marece tana dafa min ruwan wanka, ba wanda ya aike ta. Ba ta hira, ba ta ɗaukar jaririn sai in ya zama dole. Rana ta biyar na kasa daurewa.

"Yaya Mariyama, ni ce na ce na ga masara. Ban gani ba. Kuma ranar rabo ina tsaye, ban yi magana ba."

Ta ci gaba da tsoma ganye a ruwan zafi.

"Na sani, Rabi. Shi maigidana ya yahe miki tun ranar. Ni ban iya ba tukuna. An ce mu yahe, kuma ina so, amma in na duba ciki ban iske shi ba. Ba ni yi miki ƙarya. Kullum ina roƙo a ba ni iko. In ya zo, ni hwaɗa miki. Juya bayanki."

Na juya, ta ci gaba da yi min wanka.

Mun zauna danga ɗaya shekara da shekaru bayan haka. Mun yi daka tare, mun yi aron gishiri, ta haifi ɗa namiji na dafa mata ruwa. Mun binne Inna, mun binne mazanmu. Ba ta taɓa yi min mugun kallo ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban tambaya ba. Wani lokaci nakan ce ta manta, wani lokaci in ce tana riƙe da ni ne da gangan. Da ɗana ya ɗauko ni zuwa Madawa, mun yi sallama kamar kowa.

Shekara uku da sunka wuce na koma ƙauye gaisuwar rasuwa, na biya wajenta. Ta tsufa ƙwarai, idanunta sun rufe, tana zaune a tabarma a gidan ɗanta. Da ta ji muryata ta lalubo hannuna ta riƙe wuyansa da ƙarfi.

"Rabi, ke ce? Madalla. Abin nan da na ce miki ina roƙo, an ba ni. Tun bara, wata sahiya ina tunanin Hajo, na duba ciki na iske babu komi game da ke. Yaro ya ce in kira ki a salula, na ce wannan ba maganar salula ba ce. Na yahe miki."

Na zauna a ƙasa gabanta, tsohuwa da ni, ina kuka kamar amaryar da anka kawo jiya. Ta bar ni har na gaji, hannunta bai saki nawa ba. Sannan ta ce in jawo ƙwaryar hura da ke bayan ƙofa, akwai ludayi biyu a ciki.